Taron Ƙasa na 1991: kwana 98 ana gardama a Yamai



Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Yau za mu waiwaya mu dubi wani babban taro da aka yi a Yamai a shekarar 1991. Sunansa Taron Ƙasa. Dattawa da yawa suna tune da shi, domin sun bi shi ta rediyo. Amma yawancin samari da ƴan matan yau ba a haife su ba a lokacin.

Me ya sa za mu tono labarin da ya haura shekara talatin? Saboda wata tambaya da ake yawan yi a kasuwa da bakin rijiya. Ana cewa: mene ne amfanin gardamar siyasa? Wasu sun ce surutu ne kawai, ba ya cika rumbu, ba ya shayar da dabba. Wasu kuma sun ce in aka hana mutane magana, ɓarna ce ke samun wurin ɓuya. Ƙasarmu Nijar ta ɗanɗana duka biyu. Ta ga zamanin shiru, ta ga zamanin magana. Sai mu bi labarin daki-daki, kowa ya auna da kansa.

Shawara ba baƙuwa ba ce

Tun kafin zuwan Nasara, sarki ba ya riƙe ƙasa shi kaɗai. A Maraɗi akwai manyan sarakuna huɗu: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi. Su ke zaɓen Sarkin Katsina, kuma in ya kauce hanya suna iya sauke shi. A Tsibiri akwai Taran Gobir, su ma masu zaɓen sarki ne. A ƙauye kuwa, dattawa suna zama gindin itace su yanke maganar rijiya, ko burtali, ko iyakar gona. Shi ya sa aka ce shawara ɗaukar ɗaki.

Amma mu faɗi gaskiya, ba kowa ke da baki a fada ba. Mata da samari da bayi da talaka maras gata, nasu sauraro ne. Da Nasara ya zo, sai abin ya ƙara ƙunci. Kumandan ya faɗa, sarki ya isar, talaka ya aikata. Haraji da aikin tilas, ba a tambayi ra'ayin kowa a kansu ba. Sai a 1946 aka soke aikin tilas. A wannan shekara ce kuma aka kafa jam'iyyar farko a Nijar, wato PPN, wadda ta shiga ƙungiyar RDA.

"I" ko "a'a"

Babbar gardama ta farko da ta game ƙasa duka ita ce ta 1958. Janar Digol, shugaban gwamnatin Faransa, ya tambayi ƙasashen da suke mallaka: za ku zauna tare da mu, ko za ku karɓi ƴancin kai nan take? Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba, shi ke jagorancin gwamnatin Nijar a lokacin. Ya ce a jefa "a'a". Jori Hamani da jam'iyyar RDA da sarakuna da yawa suka ce a jefa "i". Gwamnan Nasara ya sa ƙarfinsa duka a bayan masu "i". Ranar 28 ga Satumba 1958 aka jefa ƙuri'a, "i" ta yi rinjaye. Jibo Bakari ya sauka, Jori Hamani ya hau.

Da an tsaya nan, da sai mu ce gardama ce aka yi, wani ya ci wani ya faɗi. Amma a 1959 aka haramta Sawaba. Da aka samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya tak ta rage a ƙasa. Wanda ba ya tare da ita, sai ya yi shiru, ko ya tsallaka iyaka, ko ya shiga kaso.

Me ya biyo baya? Maganar da aka hana a dandali ta koma daji. A 1964 ƴan Sawaba suka shigo da bindigogi ta kan iyakoki. Aka kama su, aka kashe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso. A 1965, ranar Sallar Layya, wani ya jefa wa Jori gurneti a filin idi na Yamai, Allah ya tsirar da shi. Jinin da aka zubar a waɗannan shekaru, na ƴan ƙasa ɗaya ne.

Shekarun shiru

A 1965 da 1970 an yi zaɓen shugaban ƙasa, amma ɗan takara ɗaya ne. Ƴan majalisa duk na jam'iyya ɗaya ne. Jarida da rediyo na gwamnati ne. Akwai dai ƙungiyoyin sauraron rediyo da aka kafa tun 1962, inda mutanen karkara ke taruwa su tattauna noma da kiwo da lafiya. Abu ne mai amfani. Sai dai maganar masu mulki ba ta cikin abin da ake taɓawa.

Sai fari ya zo. Daga 1968 damina ta riƙa gazawa, har abin ya kai maƙura a 1973. Dabbobi suka mutu garke-garke. Mutane suka bar garuruwansu suka taru a bakin birane. Ƙasashen waje suka aiko da cimakar agaji. Aka yi ta raɗe-raɗi cewa wasu manya suna ɓoye ta, suna sayarwa. To, wa zai tashi a majalisa ya yi tambaya? Wace jarida za ta buga? Babu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma an hana mai ɗaki magana.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Jori. Laftanar-kanar Saini Kunce ya karɓi mulki. Cikin dalilan da suka bayar har da wannan magana ta cimakar agaji. Kunce ya buɗe ma'ajiyai, ya raba hatsi. Ya matsa wa ma'aikata su zo aiki kan lokaci, ya tsorata masu cin dukiyar ƙasa. Har yau mutane da yawa suna yaba masa a kan haka. Amma ya rushe majalisa, ya hana jam'iyyu. An raya samariya da ƙungiyoyin manoma, ana taro kan gina aji da dashen itatuwa. Wanda ya zarce nan ya taɓa mulki, ya san inda zai kwana. Mutane suka koyi waige-waige kafin su buɗe baki.

Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987. Ali Saibu ya gaje shi. Shi mutum ne mai sassauci. Ya saki fursunonin siyasa, ya ce waɗanda suka gudu su dawo gida. Amma a 1989 ya kafa jam'iyya ɗaya, MNSD, ya tsaya zaɓe shi kaɗai. Ke nan daga 1959 zuwa 1990, shekara talatin da ɗaya, babu jam'iyyar adawa da doka ta yarda da ita a Nijar.

Shekarar 1990

A wannan lokaci aljihun gwamnati ya riga ya huje. Kuɗin uraniyom na Arlit, wanda ƙasa ta dogara da shi, ya faɗi tun farkon shekarun 1980. Bashi ya yi yawa. Masu ba da bashi na waje suka ce sai an rage kashe kuɗi, har da na makarantu da na ɗalibai.

Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, ɗaliban jami'ar Yamai suka fito zanga-zanga. Jami'ar tana ƙetaren kogin Kwara, don haka sai sun bi ta gadar Kenedi kafin su shiga gari. A nan jami'an tsaro suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce ɗalibai 3 suka mutu. Da yawa suka ji rauni. Gari ya ɗauki zafi.

Cikin watan Mayu kuma, aka kai hari a Cintabaradan, cikin jihar Tawa. Sojojin da aka aika suka huce a kan Abzinawa fararen hula, aka kashe mutane da ba su ji ba ba su gani ba. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, dangin mamata suka faɗi adadi mai yawa. Babu wurin da za a zauna a tantance.

A waje ma iska ta juya. A watan Fabrairu na wannan shekara, maƙwabciyarmu Benin ta yi nata taron ƙasa a Kwatano. Cikin kwana 10 wakilai suka karɓe iko daga hannun Janar Kereku, ba tare da harbi ba. Mutanen Nijar suka ji labari. Suka ce abin da ya yiwu a Kwatano zai yiwu a Yamai.

Ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ƙungiyar ɗalibai ta USN suka haɗa kai. A watan Mayu jaridar Haske ta fito, ita ce ta farko da ba ta gwamnati ba. A watan Nuwamba ƴan sandika suka kira yajin aiki na gama-gari, ofisoshi suka rufe. Ranar 15 ga Nuwamba 1990, Ali Saibu ya ce ya yarda a kafa jam'iyyu da yawa. Daga baya ya yarda a yi taron ƙasa. Nan da nan jam'iyyu suka tsiro kamar ciyawar farkon damina, kowace da sunanta: Rahama, Tarayya, Nasara, da sauransu. Sawaba ma ta dawo.

Mata sun ce ba a yi ba tare da su

Aka kafa kwamitin da zai shirya taron. Da aka duba, mace ɗaya tak ke cikinsa. Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka fito kan titunan Yamai, suka nufi ofishin firaminista. Suka ce mu ne rabin ƙasa, mu ke daka, mu ke ɗiban ruwa, mu ke renon ƴaƴa, ba za a tsara gobe a bayan idonmu ba. Dole aka ƙara musu kujeru. Shi ya sa aka mai da 13 ga Mayu ranar matan Nijar. Ku lura da wannan. Tun ba a buɗe taron ba, an riga an yi gardama a kan wa ke da ikon shiga gardamar.

An buɗe taro

Ranar 29 ga Yuli 1991 aka buɗe Taron Ƙasa a babban zauren wasanni na Yamai. Daga baya aka sa wa zauren sunan wannan rana. Wakilai sun haura 1200. Akwai na gwamnati, na jam'iyyu, na ma'aikata, na ɗalibai, na ƴan kasuwa, na ƙungiyoyi iri-iri. Suka zaɓi Farfesa Andire Salifu ya shugabanci zaman. Haifaffen Damagaram ne, malamin tarihi a jami'a.

Gardamar farko ita ce mafi nauyi: shin wannan taro shawara zai bayar kawai, ko hukunci zai yanke? Wakilai suka ce maganarsu ita ce doka. Suka dakatar da tsarin mulki. Suka rushe majalisa da gwamnati. Ali Saibu aka bar masa sunan shugaban ƙasa, amma iko ya fita daga hannunsa. Janar ne, sojoji suna ƙarƙashinsa. Da ya so, da ya aika a watse taron. Bai yi ba. Wannan haƙuri nasa yana cikin abin da ya hana jini zuba.

Abin da ya sa taron ya shiga kowane gida shi ne rediyo da talabijin. Muryar Sahel tana watsa zaman. A kasuwa, a tasha, a ƙofar gida, mutane suna kewaye akwatin rediyo. Lokacin damina ne, ana noma. Wanda ya dawo daga gona sai ya tambaya: yau me aka ce a Yamai? Wanda ya ji faransanci ya fassara wa sauran. Daga nan sai sabuwar gardama ta tashi a gindin itace. Wannan ya ce an yi daidai, wancan ya ce an wuce gona da iri.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Taron ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da cin amanar ƙasa. Aka buɗe maganar 9 ga Fabrairu: wa ya ba da umurnin harbi? Aka buɗe maganar Cintabaradan. Waɗanda abin ya shafa suka ba da shaida, ƙasa duka tana ji. Aka buɗe maganar kuɗin uraniyom da dukiyar gwamnati: ina suka shiga? Ministoci da manyan hafsoshi, waɗanda a da ba a iya ɗaga ido a dube su, suka tsaya gaban jama'a suna amsa tambaya. Ɗalibi yana tambaya, kanar yana amsawa. Wasu manya suka rasa muƙamansu.

Wannan shi ne babban abin da taron ya koya wa talaka. Mai mulki ba Allah ba ne. Ɗan Adam ne da aka ba amana, kuma ana iya tambayarsa yadda ya riƙe ta. Kuɗin gwamnati ba na gwamnati ba ne, harajin jama'a ne da arzikin ƙasarsu. Wanda ya ji wannan da kunnensa sau ɗaya, da wuya ya manta.

Zaman bai tafi sumul ba. An yi ihu, an yi zage-zage, wasu sun fita cikin fushi sun dawo. An yi zaton za a gama cikin ƴan makonni, sai ga shi an kwashe kwana 98. Amma duk zafin da aka yi, da baki aka yi shi. A ƙarshe aka zaɓi Amadu Shaifu, mutumin Kornaka cikin jihar Maraɗi, ya zama firaministan riƙon ƙwarya. Aka kafa wata majalisar ƙoli mai yin doka, Andire Salifu ya shugabance ta. Ranar 3 ga Nuwamba 1991 aka rufe taro.

Abin da taron ya haifa

Gwaji ya zo da wuri. A ƙarshen Fabrairu 1992 wasu sojoji suka yi bore saboda rashin albashi. Suka kame gidan rediyo, suka tsare Andire Salifu na ɗan lokaci. Ƴan sandika da jam'iyyu suka kira yajin aiki, jama'a suka fito suka ce ba su yarda ba. Sojojin suka koma bariki.

Ranar 26 ga Disamba 1992 jama'a suka amince da sabon tsarin mulki ta hanyar ƙuri'a. A watan Fabrairu 1993 aka zaɓi ƴan majalisa 83. MNSD ta samu kujera 29, jam'iyyun da suka haɗa kai don neman sauyi suka samu 50. A watan Maris aka yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Mahaman Usman na jam'iyyar CDS Rahama ya samu wajen kashi 54 cikin 100, ya kayar da Tanja Mamadu na MNSD Nasara. Tanja ya karɓi sakamako. Ali Saibu ya miƙa mulki a watan Afrilu, ya koma ƙauyensu a ƙasar Walam, har ya rasu a 2011. Wannan ne karo na farko tun samun ƴancin kai da ƴan Nijar suka zaɓi shugaba tsakanin ƴan takara da yawa.

Baki ya ci gaba da buɗewa. Jaridu masu zaman kansu suka yawaita. Daga 1994 gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki. Rediyo Anfani ta buɗe a Yamai, sa'an nan a Damagaram da Maraɗi da wasu garuruwa. Daga baya rediyon karkara suka bazu. A lokacin mutum yana iya jin ɗan adawa yana sukar minista da Hausa ko Zabarmanci, kuma gari ya waye ba a kama shi ba. Samari suka kafa fada-fada a unguwanni, ana shan shayi ana tattauna al'amuran ƙasa. A shekarar 2000 aka yi dokar da ta ware wa mata kaso cikin kujerun zaɓe da na naɗi. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265, mutanen karkara suka zaɓi wakilansu na kusa.

Ko tawayen arewa, wanda ya yi ƙarfi bayan abin da ya faru a Cintabaradan, ba bindiga ce ta kashe shi ba. Zama aka yi. Aljeriya da Burkina Faso da Faransa suka shiga tsakani. Ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai. A watan Satumba 2000 aka tara bindigogi a Agadas aka cinna musu wuta.

Inda aka gaza

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Taron Ƙasa yana da nasa raunin, kuma ya kamata mu san shi.

Da farko, waɗanda suka fi riƙe magana mutanen birni ne: ɗalibai, ma'aikata, ƴan jam'iyyu. Manoma da makiyaya su ne mafi yawan ƴan ƙasa, amma muryarsu ba ta kai yawansu ba. Yawancin muhawarar da faransanci aka yi ta, harshen da mafi yawan jama'a ba su ji. An daɗe kan albashi da kuɗin ɗalibai. Maganar rijiya da taki da farashin gero da burtali ba ta samu irin wannan lokaci ba.

Na biyu, magana ba ta cika baitulmali. Taron ya ƙi sharuɗɗan masu ba da bashi na waje, amma bai samo wata hanyar kuɗi ba. Ma'aikata suka yi watanni ba albashi. Makarantu suka yi ta rufewa saboda yajin aiki. Talaka ya fara cewa: to, dimokuraɗiyyar nan ana cin ta ne?

Na uku shi ne mafi ciwo. Waɗanda suka koyi magana ba su koyi sauraro ba. A watan Satumba 1994 firaminista Mahamadu Isufu ya yi murabus, jam'iyyarsa ta PNDS Tarayya ta bar ƙawancen masu mulki. Aka sake zaɓen majalisa a Janairu 1995, ƴan adawa suka yi rinjaye. Hama Amadu na MNSD ya zama firaminista, Mahaman Usman yana shugaban ƙasa. Doka ta ce su yi aiki tare. Sai suka kasa. Suka yi ta jayayya kan wa ke da ikon naɗa manyan ma'aikata. Har aka kai lokacin da taron ministoci ma ba ya zama. Kusan shekara guda aikin ƙasa ya tsaya. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya yi juyin mulki.

Daga nan tarihi ya yi ta kai da kawo. An kashe Bare a watan Afrilu 1999. A ƙarshen shekarar aka zaɓi Tanja Mamadu, aka sake zaɓensa a 2004. A 2009 ya nemi tazarce. Majalisa da kotun tsarin mulki ba su ba shi hanya ba, sai ya rushe su duka biyu. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka sauke shi. Mahamadu Isufu ya yi mulki daga 2011 zuwa 2021, ya miƙa wa Mohamed Bazum bayan zaɓe. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka sake karɓar mulki a ƙarƙashin Janar Abdurahaman Ciyani. A watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa duka.

Me za mu ɗauka?

In muka jera waɗannan shekaru muka duba, za mu ga abu guda yana maimaita kansa. A 1959 an rufe bakin Sawaba, a 1964 bindiga ta yi magana. A 1973 babu mai tambayar ina hatsi ya shiga, a 1974 gwamnati ta faɗi. A 2009 an rushe wuraren da ake ce wa shugaba "a'a", a 2010 ya rasa kujerar. A 1995 kuwa baki a buɗe yake, amma kunne a toshe, shi ma bai yi ƙarko ba. Sai a 1991 ne aka sauya mulki gaba ɗaya a cikin zaure, ba a harba harsashi ko ɗaya a kan kujerar mulki ba.

Ashe gardama ba ita ce ke cika rumbu ba, gaskiyar masu faɗin haka. Amma ita ce ke nuna inda gara ta shiga rumbun tun bai rushe ba. Shugaban da ba a faɗa masa gaskiya, shi ne na ƙarshe da zai san ƙasa ta ɓaci. Wanda ya ce maka ka yi kuskure ba lalle maƙiyinka ba ne. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma baki ɗaya suke kwana.

Wannan darasi ba na Yamai kaɗai ba ne. A garinku akwai taron ƙungiyar manoma. Akwai kwamitin famfo, da bankin cimaka, da na iyayen yara a makaranta. Akwai zaman sulhu tsakanin manomi da makiyayi in kaka ta yi. Kowane ɗaya ƙaramin taron ƙasa ne. In an kira, ku je. In an karanta lissafin kuɗi, ku saurara, ku nemi a nuna muku takarda. Buhu nawa ya shigo? Nawa ya fita? Saura nawa? Tambaya ba rashin kunya ba ce, in an yi ta da ladabi. Ku bar mata su yi magana, ku bar samari su yi magana. In wani yana faɗin abin da ba ku so, ku bari ya kai aya kafin ku amsa. Ku soki magana, kada ku zagi mai ita, ko iyayensa, ko ƙabilarsa. In an gama an ƙirga hannuwa, wanda ya yi rinjaye kada ya taka ɗan uwansa, wanda ya faɗi kada ya fasa tukunya. Gobe ma rana ce, za a sake zama.

Akwai dattawa a cikinku da suka saurari Taron Ƙasa daga farko har ƙarshe. Ku tambaye su abin da suka ji, da abin da ya ba su mamaki, da abin da ya ɓata musu rai. Za ku tarar ba bakinsu ɗaya ba. Ku saurari kowa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.